Kundin Gyaran Caji da Sitatar Tsohon Mashin 125 a Katsina

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Mashin ɗin ɗan China ne mai inji 125, irin ƙirar Honda CG125 da ta fito a 1975, wadda kamfanoni da dama suka yi ta kwaikwaya. Yana da sitata, yana da kiki. Ya haura shekara 15 a titi, akasarin zirga-zirgarsa tsakanin Ƙofar Ƙaura da Babbar Kasuwa, sai Batagarawa jefi-jefi. Ƙorafin mai shi uku ne: ya ci batir uku cikin shekara guda, in an danna sitata sai a ji "ƙas" sau ɗaya shi ke nan, hon kuma yana shaƙewa in injin na sulo.

Da kiki yana tashi a bugu ɗaya ko biyu, amma wannan ba shaidar lafiyar caji ba ce. CDI na wannan ƙirar, wato akwatin da ke ba fulogi tartsatsi, yana da nasa koyil (naɗin waya mai samar da wuta) a cikin inji, baƙar waya mai ratsin ja ce ke kai masa wuta, ba ruwansa da batir. Shi ya sa mashin zai shekara yana yawo cajinsa a lalace, mai shi bai sani ba.

Abin da na tarar yau, ban kwance komai ba sai murfin gefe. Batir 12V 7Ah ne mai ruwa, mita ta nuna 11.4V. Ruwan ya yi ƙasa har kawunan faranti sun fito a gida huɗu cikin shida. Farin gari ya taru a kan jan kan batir, tiren batir ya yi tsatsa. A gidan fiyus babu fiyus, silin wayar tagulla aka naɗa. Kwan fitilar gaba 35W ne, mai shi ya ce ya fi shekara biyu bai canza shi ba. Na rubuta wannan na ajiye, don mashin da ke dafa batir galibi kwan fitila yake fara ƙonawa.

Tsarin aiki: batir tukuna, sannan caji, sitata a ƙarshe. Ba za a sayi sabon batir ba sai cajin ya daidaita, in ba haka ba na huɗu ma zai bi sahun 'yan uwansa.

Talata, 7 ga Janairu

Na wanke kawunan batir da tire da ruwan kanwa, tana kashe kaifin asid. A toshe murafan gidajen da kyau kafin a zuba, don in ta shiga ciki ta gama da batir. Na cika kowane gida zuwa layin sama da tataccen ruwan batir, ba asid ba, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Caji a 0.7A, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batir, awa goma. Ruwa ₦500.

Alhamis, 9 ga Janairu

Bayan ya kwana ba a taɓa shi ba, batir ya nuna 12.3V. Da na ɗora masa kwan 35W sai ya zube zuwa 10.2V cikin minti biyu. Ma'aunin kaurin ruwa ya fayyace komai: gida biyar suna wajen 1.240, na shida 1.120, ruwansa ma ya yi duhu. Cikakken gida 1.265 zuwa 1.280 yake nunawa. Gida ɗaya ya mutu, ba shi da magani.

Na aro lafiyayyen batir 7Ah don gwaje-gwaje, 12.7V. Duk awon caji da aka yi da mataccen batir shirme ne, lambobin da zai bayar ba za su kai mutum ko'ina ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau aka ga inda gizo ke saƙa.

Mita a kan 20V DC, tsinkenta biyu a kawunan batir. A sulo 13.1V. Da na ja totur zuwa matsakaici, fitila a kashe, 14.9V. Da na kunna fitilar gaba sai ta haura 15.8V, har tana taɓa 16. Abin da ake so 13.8 zuwa 14.5. Daga 15 zuwa sama batir tafasa yake, ruwan ya ƙafe, faranti su lalace. Ga dalilin mutuwar batir uku.

Yaron shago na ganin lambar ya ce, "Maigida, ai rektifaya ce, a sauya ta kawai." Haka kusan kowa zai ce, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma abu biyu ba su zauna ba. Na farko, lafiyayyen tsari in ka ƙara masa nauyi wutar sauka take yi kaɗan, wannan kuwa hawa take. Na biyu, kwan nan mai shekara biyu. Da rektifaya ce ta saki wuta gaba ɗaya, da tuni ya ƙone.

Rektifaya ita ce ke mayar da wutar koyil (AC) ta zama irin ta batir (DC), ta kuma daidaita yawanta. Ta wannan mashin mai waya biyar ce. Ruwan ɗorawa da ruwan hoda su ke kawo AC daga koyil. Ja ita ke fitar da DC zuwa batir. Koriya at ce, wato wayar ƙasa. Baƙar kuwa ba ta ɗaukar caji, aikinta ta gaya wa rektifaya yawan wutar da ke cikin mashin, kuma ba daga batir take jiyo labarin ba, daga bayan makulli take. To idan makulli ya tsufa yana cinye wuta a hanya, rektifaya za ta ga 14.4 a baƙar waya ta ɗauka komai daidai, alhali batir yana shan 15.8. Fitilu kuwa a bayan makulli suke, su 14.4 ɗin suke gani, shi ya sa ba su ƙone ba. Kuma gwargwadon nauyin da ke bi ta makulli, gwargwadon asarar, shi ya sa kunna fitila ke ƙara ta'azzara abin. Mai yawan tafiyar dare shi ya fi dafa batirinsa.

Gwajin tabbatarwa: inji na aiki, fitila a kunne, jan tsinken mita a jan kan batir, baƙin a baƙar waya daidai bakin rektifaya. 1.4V. Bai kamata ya wuce 0.3 ba. Sai na ɗauko guntuwar waya na haɗa baƙar wayar rektifaya kai tsaye da jan kan batir na ɗan lokaci. Nan take caji ya sauko 14.4V ya tsaya cak, ko an ja totur. Rektifaya lafiyarta ƙalau. A cire wannan wayar da zarar an gama gwaji, don muddin tana nan makulli ba shi da iko da fitilu.

Na bi hanyar gaɓa-gaɓa. Makulli shi kaɗai yana cin 1.0V, soket ɗinsa da ke cikin ƙoƙon fitila 0.4V.

Litinin, 13 ga Janairu

Na kwance gindin makulli. Ƙananan harsuna uku na roba ke riƙe shi, a ɗaga su a hankali a kan tire, don akwai sifirin da 'yan ƙwallaye da ke tsalle su ɓace. Cikin ya cika da ƙurar hunturu da ta cakuɗe da tsohon giris ta zama kamar kwalta. Idon tagullar jar waya ya yi baƙi, ya ɗan nutse cikin roba saboda zafi. Na wanke da fetur, na goge da samfefa mai laushi lamba 600, na ɗan miƙe sifirin ɗin da ya kwanta, na shafa giris siriri. Soket ɗin ƙoƙon fitila kuwa ba ya gyaruwa, kawunan sun saki sun yi kore. Na yanke, na sa sabbin kawunan tagulla, na matse na bi da dalma, na rufe da roba mai tsukewa da zafi. Sabon gidan fiyus da fiyus 15A a madadin silin waya.

Asara yanzu 0.2V da fitila a kunne. Caji 14.4V. Kawuna da dalma da roba ₦1,800, fiyus da gidansa ₦700.

Talata, 14 ga Janairu

Awo da safe, inji da sanyi: 14.3V. Ba a yi wani aiki ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

An gudu ba a tsira ba. Na ɗaure mita a kan tanki na zagaya gari, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga na dawo. Minti goma sha biyar na farko 14.3V. Daga nan ta fara sauka, 13.4, 12.9, har ta tsaya 12.4 da fitila a kunne, ko an ja wuta ba ta motsi. Bayan awa ɗaya injin ya huce, caji ya dawo kamar ba abin da ya faru.

Duk awon da na yi a baya a tsaye ne, minti uku zuwa biyar, inji bai yi zafi ba. Nan kuskuren yake. Ashe batiran can azaba biyu suka sha, tafasa da sanyin inji, yunwa da zafinsa.

Na cire soket ɗin koyil na auna shi sau biyu. Da sanyi: tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan hoda om 0.7 (om shi ne ma'aunin yadda hanya ke tare wuta), bayan an cire om 0.3 na wayoyin mitar kanta, wanda ake gani in an haɗa tsinkayen biyu. Daga kowacce zuwa jikin inji babu hanya ko kaɗan. Mita a 200V AC, inji na aiki, 19V a sulo, 56V da an ja totur. Duk daidai. Da zafi kuwa, na sake zagayawa na auna cikin minti ɗaya da tsayawa: AC ta faɗo 27V a totur ɗin da ya ba da 56, kuma daga ruwan hoda zuwa jikin inji mita ta nuna om 3. Fentin da ke jikin wayar naɗi ya ƙone a wani wuri. In ƙarfe ya yi zafi ya buɗe sai tagulla ta taɓa shi, wutar ta zurare ƙasa.

Asabar, 18 ga Janairu

Na juye baƙin mai, na cire sitata da murfin hagu. A masu sitata koyil a jikin murfin yake, yana wanka cikin mai, kuma maganaɗisun fulawil, ƙarfen da ke juyawa a gefen inji, yana riƙe murfin, sai an ja shi a miƙe. Kada a zura sukundireba a tsakani, fuskar alminiyon za ta kwarzane ta riƙa yoyo. A lura da ƙaramin giyan da ke tsakanin sitata da babban giya, da sandarsa da wasa, kada su faɗo.

Koyil mai ƙafa takwas ne. Ɗaya an naɗe ta da kyalle, ita ce ta CDI. Biyu daga cikin na caji sun yi baƙi ƙirin, in ka kankara da farce fentin yana zubowa kamar gawayi, ga ƙaurin ƙuna. Sauran suna nan da launin zuma.

Akwai masu naɗi da za su sake shi a rahusa, kuma wanda ya iya yana yin aiki mai kyau. Sai dai koyil da ke zama cikin mai mai zafi yana son waya da fenti masu jure zafi, ba irin na fanka ba, kuma ba a gane bambancin da ido. Na zaɓi sabo.

Litinin, 20 ga Janairu

Asarar yini guda. Na sayo koyil a wani shago cikin gari, ƙafa takwas, faɗi ɗaya, ramukan kusa sun dace, waya biyar. Sai da na zo ɗaurawa na lura wayoyin cajin ruwan ɗorawa da fara ne, ba ruwan hoda ba. Mita ta nuna kowaccensu tana da hanya zuwa ƙarfen koyil, ƙasa da om ɗaya. Wannan ba lalacewa ba ce, ƙirarsa ke nan. Na mashin ɗin da fitilarsa ke ci kai tsaye daga inji ne, irin wanda haskensa ke ƙaruwa da totur, an haɗa ƙarshen naɗinsa da ƙasa tun daga masana'anta, kuma da rektifaya mai waya huɗu yake aiki. Namu naɗinsa bai taɓa ƙasa ko ta ina, kawunansa biyu rektifaya suke shiga. In aka haɗa wancan da mai waya biyar, caji ba zai yi ba, kuma ana iya ƙona ɗayansu.

Na mayar. Mai shagon ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne, haka muke sayarwa." Na auna tsohon da sabon a kan teburinsa ya gani, ya dawo da kuɗin ba gardama. Irin namu babu a wurinsa, na aika Kano. Na gaya wa mai sayowa abin da zai duba: ƙafa takwas, waya biyar, ruwan ɗorawa da ruwan hoda, kuma a auna a gabansa a ga ba su taɓa ƙarfe.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kaya bai iso ba. Na kankare tsohon fakin, takardar da ke hana yoyon mai, daga murfi da reza a kwance.

Asabar, 25 ga Janairu

Koyil ya iso, ₦13,500, kuɗin mota ₦1,500. Awo kafin ɗaurawa: naɗin caji om 0.6, ba ya taɓa ƙarfe. Na CDI om 340. Ɗan ƙaramin koyil mai ba da siginar tartsatsi, shuɗiyar waya mai ratsin fari, om 135. Na rubuta su a cikin murfin gefe da alƙalami don gaba.

Wurin da aka fi yin ganganci shi ne ƙarfen da ke danne wayoyi a cikin murfi. In aka manta shi fulawil zai goge wayoyin cikin mako guda. Na mayar da shi, na shafa gam kaɗan a robar da wayoyin ke fitowa, sabon fakin ₦800, kusoshi a ɗaure su a gicciye ba da ƙarfin tsiya ba, zaren alminiyon ne. Baƙin mai lita ɗaya ₦4,500, a cika a duba da sanda. Soket ɗin koyil ma na sauya kawunansa, tsohon ya narke gefe guda.

Gwaji da zafi, minti arba'in a cikin gari da fitila: 14.2V a tafiya, 12.9V a sulo. Bai sauka ba.

Talata, 28 ga Janairu

Sitata. Da batirin aro mai 12.7V, an danna, rile, makunnin da ke sakar wa sitata babbar wuta, ya ce "ƙas", sitata ta yi gurnani kaɗan ta tsaya. Tun da rile yana bugawa, maɓalli da wayarsa ruwan ɗorawa mai ratsin ja da makunnin kuloci duk suna aiki. Matsalar a hanyar babbar wuta take.

Awon om ba ya amfani a nan. Sitata tana jan amfiya talatin zuwa sama, kuma wayar da sili biyu kawai suka rage mata za ta nuna om sifili a mita, amma ba za ta ɗauki wannan nauyin ba. Sai dai a auna asarar wuta yayin da ake danna maɓalli, mutum ɗaya na dannawa, ɗaya na riƙe da mita. Kada a wuce daƙiƙa biyar, a huta tsakani.

Batir da kansa ya sauka 11.2V, lafiya. A kusar sitata kuwa 7.6V kawai ke isa. Wato 3.6V na ɓata a hanya. Tsakanin manyan kusoshin rile biyu 1.1V, alhali bai kamata ya wuce 0.2 ba, idanunsa na ciki sun ƙone. Jar babbar waya daga batir zuwa rile 0.6V. Daga rile zuwa sitata 0.2V. Daga jikin inji zuwa baƙin kan batir 1.7V, nan ne babbar ɓarakar.

Da na bi wayar at sai na ga ba a jikin inji take ba. Wani ya taɓa mayar da ita kan wata kusa a firam, a kan fenti da tsatsa. Wutar sitata sai ta nemi hanyar komawa ta kusoshin da ke riƙe inji da ta wayar kuloci. Na taɓa wayar kuloci bayan danna uku, ta yi ɗumi. Mai shi ya tabbatar ya sauya ta sau biyu bara saboda tana tauri. Wuta ce ke narka robar cikinta. Jar wayar kuma da na yanke bakinta, tagullar ta zama koren gari har tsawon ɗan yatsa a ƙarƙashin roba, asid ɗin batiran da suka tafasa ne ya bi ta.

Alhamis, 30 ga Janairu

Sabbin manyan wayoyi biyu masu kaurin milimita 10 murabba'i, da kawuna, ₦2,200. At ɗin daga batir kai tsaye zuwa kusar da ke riƙe sitata a jikin inji, sannan wata guntuwa daga nan zuwa firam, wurin da na kankare har ƙarfe ya yi fari, na shafe da giris bayan ɗauri. Sabon rile ₦3,500, naɗinsa om 3.8. Asara gaba ɗaya ta dawo 0.5V.

Sitata tana juyawa yanzu amma da nauyi, wani lokaci sai an ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar sukundireba. Alamar buroshi ce, wato 'yan gutsattsarin kabon da ke kai wuta cikin sitata.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na buɗe sitata. Dogayen kusoshi biyu ke riƙe ta. Ciki cike da baƙin garin kabon da ya jiƙe da mai, don zoben robar bakinta ya bushe. Buroshi ɗaya saura milimita 4, ɗayan 5, sabo kuwa 12 ne. Sifirin ya kai ƙarshen tafiyarsa, ba ya iya danna su. Tagullar amecha, sandar naɗin da ke juyawa a ciki, ta yi baƙi amma ba ta yi rami ba. Na naɗe ta da samfefa 600 ina juyawa har ta yi haske, na share tsagogin da ke tsakani da tsinke, don garin kabon da ke cikinsu yana haɗa wuta. Awo: kowane yanki yana da hanya zuwa maƙwabcinsa, babu wanda ke da hanya zuwa sandar. Amecha lafiya. Buroshi da farantinsu ₦2,500, zoben roba ₦300.

Na haɗa, na gwada a ƙasa da batir, tana gudu kamar sabuwa. Na ɗaura a inji, sai ƙara "wiii" kawai, inji ko motsi. Na ɗauki lokaci kafin na gano baya take juyawa. Gangar tsakiya mai maganaɗisu biyu ce, kuma na mayar da ita a juye rabin zagaye, arewa ta koma kudu. Akwai ɗan layi a jikin ganga da murafanta da ya kamata su haɗu, datti ya rufe shi. Kafin a buɗe sitata a ja layi ɗaya da fenti daga wannan murfi zuwa wancan. Na juya gangar, ta kama inji.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Da rana tana tayar da inji lafiya. Da asuba, da sanyin nan, danna uku cikin biyar sai ta kama ta saki da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Wutar lafiya, 10.8V a kusar sitata. Wan-we ne, abin da ke bayan fulawil mai kamawa ta gefe ɗaya ya saki ta ɗayan. Mai ya yi kauri da sanyi, sifirin sun gaji, rola ba sa cizo.

Ranar 18 ga Janairu murfin yana buɗe, babban giyan yana gabana. Da na juya shi da hannu a lokacin da na gane, don ya kamata ya tafi sumul ta gefe ɗaya ya cije nan take ta ɗayan. Yanzu sai an sake buɗewa, an sake sayen fakin.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na jingina mashin ta dama sosai don kada a juye sabon mai, kaɗan ne ya zuba. Fulawil da fula, wato ƙarfen janyo shi, ake cire shi, mai zaren da ya dace da raminsa. Kada a buga shi da guduma, maganaɗisun ciki na iya tsagewa ko ya saki, kuma bugun yana taɓa kiranshaf. A kula da ɗan makullin ƙarfe mai siffar rabin wata da ke kan sandar, shi ke riƙe lokacin tartsatsi.

Rola uku ne, kowanne da sifirin da hularsa. Sifirin ɗaya ya karye biyu, rola biyu sun yi fage a gefe. Wuyan babban giya, inda suke cizo, da ɗan sheƙi amma farce ba ya maƙalewa, don haka na bar shi. In ya yi tudu da kwari sai an sauya shi, in ba haka ba sabbin rola ma za su zame. Kusoshi uku da ke riƙe gidan wan-we a bayan fulawil, ɗaya ta saki har ana juya ta da yatsa. Na wanke zarensu, na sa gam na zare, na ɗaure. Rola da sifirin ₦3,000, gam ₦1,500, fakin ₦800.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwana uku a jere da asuba, danna ɗaya. Yau aka sayi batir, 12V 7Ah busasshe mai zuwa da asid ɗinsa, ₦16,000. Na cire toshiyar bututun numfashi kafin zuba asid, na cika zuwa layin sama, na bar shi awa ɗaya ya gama ɗumi da kumfa, na ƙara inda ya sauka, sannan caji a 0.7A awa biyar kafin ya hau mashin. Yawanci a bakin shago ake zubawa a ɗaura a tafi, kuma batirin da aka fara da shi haka ba ya kai ƙarfinsa. Bututun numfashi na zura shi ƙasa, nesa da sarƙa da firam. Ja ake fara ɗaurawa, baƙi daga baya, wajen cirewa kuma baƙi ne farko.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Gwajin satar wuta. Makulli a kashe, na cire baƙin kai, na sa mita a tsakaninsa da wayarsa a ma'aunin miliamfiya. Kada a kuskura a danna sitata a haka, fiyus ɗin mita zai tashi. Ta nuna 11. Na cire soket ɗin rektifaya, ba canji. Na cire abin cajin waya da aka liƙa a ƙarƙashin kan mashin, ta faɗo 0.2. An haɗa shi da jar waya ne, yana ci dare da rana. Miliamfiya 11 a awa 24 ya haura rubu'in Ah ɗaya, cikin mako biyu a ajiye ya sha rabin batir 7Ah. Na mayar da shi bayan makulli da nasa fiyus 2A. Da yake baƙar wayar nan ita ce rektifaya ke saurare, na sake auna asara da waya a jone da fitila a kunne: 0.25V. An tsira.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Doguwar hanya, Katsina zuwa Daura ta Mashi, kusan kilomita 80, da dawowa, fitila a kunne duk tafiyar. A Mashi 14.2V, a Daura 14.1V, rektifaya da ɗumi amma hannu na iya zama a kanta. Soket ɗin koyil da sanyinsa. An kashe an tayar da sitata sau tara, ba ta zame ko sau ɗaya ba. Babu yoyon mai a murfi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Batir bayan kwana biyu a ajiye 12.7V, ruwa bai motsa daga layi ba, yayin danna sitata 10.9V. Kuɗin kaya zuwa yau ₦53,100, ban da ladan aiki. Rektifayar asali tana nan a wurinta.

Saura wayoyin sigina na baya, an yi musu ɗaurin salatif a wuri huɗu a ƙarƙashin kujera, za a yanke a yi musu dalma ranar Asabar. Zan kuma sa ƙaramar mitar caji a gaban mashin, a bayan makulli, don mai shi ya riƙa gani da idonsa: ƙasa da 13 a tafiya ko sama da 15, ya kawo shi. Duba ruwan batir kowane mako biyu daga watan Maris, don zafin bazarar Katsina yana kai digiri 40, ruwan kuma ya fi saurin ƙafewa. Awo na gaba da zafin inji ranar 1 ga Maris.